Kawuna da Golansa na Biyu

Kawuna ya rasu ranar Talata da hantsi a Lyon, bayan jinyar wata huɗu. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Matarsa, wadda duk muke kira Hajiya, ita ta buga mini waya ina wurin aiki a Paris. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Ɗana, kawunka ya cika. Ka taho." Na cire farar rigar aiki na rataye, na nufi tashar jirgin ƙasa ko gida ban biya ba.

An yi zaman makoki a wani zaure da mutanenmu ke ara a Guillotière idan ana suna ko ɗaurin aure. Ban taɓa ganin zauren ya cika haka ba. Akwai tsofaffin direbobin bas da suka yi aiki tare da shi, Larabawa da Turawa. Wani Bature mai furfura ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka kamar yaro, ya rasa wanda zai yi wa gaisuwa, sai ya rungume ni. Akwai ɗaliban Nijar da Kawu ya tarba a tasha ranar da suka fara taka ƙasar nan, yanzu wasu injiniyoyi ne, wasu likitoci. Akwai kuma samarin da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, masu kiransa Tonton, wato kawu da Faransanci. Da yawansu sun saka rigar ƙungiyar ƙwallonmu a ƙarƙashin kwat. Ba su san addu'o'in da ake yi ba, amma sun ɗaga hannu tare da kowa.

A kusurwar dama 'yan biro suka zauna, wato dattawan kwamitin ƙungiyar, shugabansu a tsakiya. Na je na durƙusa na gaishe su kamar yadda ya kamata. Shugaban ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, da muryar da kowa zai ji, "A'a, mutanen Paris. Golanmu na biyu. Ka dai buga wasanka ka ƙoshi ko?"

Mai zuba shayi ya tsaya da buta a hannu. Sai babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya yi magana daga inda yake zaune a kan tabarma, ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Alhaji, Baba ne ya sallame shi. In akwai sauran magana, da ka yi ta da shi yana da rai. Yau addu'a muka zo karɓa."

Shugaban ya saki hannuna. Liman ya yi sauri ya ɗaga murya da fatiha.

Wannan ne ya sa na zauna rubutun nan. Jikokin Kawu za su girma a garin nan, kuma wata rana wani zai gaya musu cewa kakansu ne ya hana ƙungiyar unguwa hawa rukuni na sama. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Amma ina so su ji labarin daga bakin wanda aka yi abin dominsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Lokacin da na samu gurbin karatu a Lyon, Inna ta raka ni tashar mota a Damagaram ta ce, "Duk abin da kawunka ya ce, ni na ce." Ranar da na sauka, ya zo tarbata da rigar aikinsa ta direba. Kafin ya tambaye ni lafiyar mutanen gida, ya kama hannuwana biyu ya juya su yana dubawa, kamar mai sayen rago. Ya ce, "Ka taɓa tsaron raga?" Na ce na yi a lakwal, wato makarantar boko. Ya ce, "Alhamis ƙarfe shida. Kada ka makara."

Ƙungiyar shi da abokansa suka kafa ta tun kafin a haifi yawancin 'yan wasanta. Ƙarama ce, ta unguwa, muna buga wasan Lahadi a ƙananan rukunoni, ba wanda ke cin abinci da ita. Amma ga mutanenmu na Lyon ita ce dandali. A bakin filin nan ake jin labarin gida, ake samo wa sabon zuwa ɗaki, ake sasanta waɗanda suka yi faɗa. Kawu ne koci. Yakan zo da doguwar riga, ya ɗora ƙatuwar kwat a kai, da hular sanyi wadda Hajiya ta saƙa masa, yana ɗingisa ƙafar dama. Yana da usur a wuya, amma ban taɓa jin ya busa shi ba. Tafi ɗaya yake yi, kowa ya tsaya. Idan ɗan wasa ya yi kuskure ba ya masa tsawa. Sai ya kira shi gefe ya tambaye shi, "Me ka so ka yi?" Ya bar shi ya ji kunyar amsarsa da kansa.

Yaya ne gola na farko. Dogo ne, ya fi ni da kusan taki guda, kuma idan aka bugo ƙwallo ta sama ba a karɓe ta a hannunsa. Ni ne na biyu. Shekara biyar na yi a benci. Wasannin gasa da na buga a cikin shekarun nan ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Sai dai zan faɗi abin da Kawu yake yi mini, wanda ban ga darajarsa ba sai daga baya. Kafin kowane wasa, mataimakinsa ne ke ɗumama Yaya. Ni kuwa Kawu da kansa yake ɗumama ni, a bayan raga, yana bugo mini ƙwallo da ƙafar hagu saboda ta dama ba ta yarda. Minti ashirin, ko ruwa ake yi ko ƙanƙara, alhali ni da shi mun san ba zan shiga ba. Idan an tashi kuma, a hanyar komawa, wurina yake zama. Ya ce, "To, me ka gani?" Yana cewa gola na biyu ya fi kowa ganin wasa, domin shi kaɗai ne ke kallo da idon mai shirin shiga. Abin da na gaya masa, ranar Alhamis sai in ji shi yana gaya wa 'yan baya, kuma yakan ce, "Wannan ba ni na gani ba, wancan ne." Ya nuna ni da haɓa.

A shekara ta biyar aka gayyace mu wata ƙaramar gasar sada zumunci a wajen Paris. Yaya bai samu hutu a wurin aiki ba, sai na tsare raga wasa uku a jere. Allah ya ba ni sa'a. Kocin wata ƙungiya ta Bobigny, wadda take rukuni ɗaya sama da namu, ya same ni bayan wasan ƙarshe ya karɓi lambata. Golansu ya koma ƙasarsu, suna neman wanda zai zama na farko. Kuma suna da wani ɗan gaba mai cin ƙwallo wanda ya samu karatu a Lyon, zai taho ko ta yaya. Suka kawo shawara: mu ba su ni, su ba mu shi. Aikina na ɗakin gwaje-gwaje kuwa ana samunsa a Paris fiye da Lyon. Shekarata ashirin da bakwai lokacin. Na san irin wannan ƙofar ba za ta sake buɗe mini ba.

Amma a tsakiyar kakar wasa ɗan wasa ba ya canja ƙungiya sai ƙungiyarsa ta amince, kuma amincewar a shafin hukumar ƙwallo ake bayarwa. Lambar sirrin shiga shafin tana hannun Kawu shi kaɗai.

'Yan biro suka yi taro bayan la'asar a bayan shagon shugaban, tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen manja. Aka kira ni na zauna a kan kwali. A lokacin mu ne na biyu a tebur, kuma ƙungiya ɗaya tak ke hawa. Tun kafa ƙungiyar ba mu taɓa matsowa kusa haka ba. Matsalarmu ci ce: ba a cinmu sosai, mu ma ba ma ci.

Shugaban ya ce, "Malam, abin nan a fili yake. Gola biyu gare mu, raga ɗaya. Mai ci kuwa ba mu da ko ɗaya. Ga shi an kawo mana har gida. Yaron nan ma yana so ya tafi. Wa aka cuta?"

Kawu ya ce, "Raga ɗaya ce, amma hannun gola ƙashi ne. Sauran wasa goma sha ɗaya. Wa ya ba ka tabbacin ɗana zai gama su lafiya?"

"Shekara biyar yana gamawa lafiya."

"Shekara biyar yana gamawa lafiya saboda ya san akwai wanda zai karɓe masa wuri in ya yi sanyi. Ka cire wancan daga benci, ka ga yadda wannan zai koma."

Wani dattijo ɗan Kano da ke cikin biro ya ce, "Haba koci, ana ajiye mutum kamar tayar safaya? Shi ma fa yana da rai." Wani ya ce ai za a iya nemo gola ko daga cikin matasa. Kawu ya ce ya kawo masa sunan ɗaya. Bai iya kawowa ba. Aka yi ta ja har aka kira magariba. Da aka ɗaga hannu, biyar suka ce a yi musayar, Kawu shi kaɗai ya ce a'a. Ya miƙe ya gyara hularsa ya ce, "Kun ji ra'ayinku, na ji. Ban yarda ba." Ya fita bai dube ni ba.

Ranar Alhamis na zo atisaye zuciyata na tafasa. Ana cikin shirin farawa, 'yan wasa duk suna nan, na tsaya a gabansa ban saka safar hannu ba. Na ce, "Kawu, ka gaya mini gaskiya. Don ƙungiya ka ajiye ni, ko don ɗanka? Kowa ya san da ba ɗanka ba ne, da tuni ragar nan tawa ce."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Yaya yana ɗaura takalmi kusa da mu. Na ga hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

Kawu ya dube ni. Sai ya ce, "Saka safarka. Shiga raga." Na shiga. Ya sa aka jera masa ƙwallo goma a bakin da'ira. Ya buga su ɗaya bayan ɗaya, da ƙafar daman nan da ba ya bugu da ita, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ba wanda ya yi motsi a filin. Ta takwas ta same ni a fuska, hancina ya fashe, bai tsaya ba. Na tare tara. Da ya gama yana haki, ya dafa gwiwarsa, ya ce, "Ka gani? Abin da ya sa ba zan ba da kai ba ke nan." Ya juya ya nufi benci yana jan ƙafa. Kwana uku bai iya tuƙa bas ba.

Mako shida muka yi ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na daina zuwa cin tuwon Juma'a a gidansa. Labari ya kai Damagaram, Inna ta kira ni tana faɗa, ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je na ba shi da baki, ya ce ba komi da baki. Ranar Lahadi ya ci gaba da ɗumama ni a bayan raga, amma ya daina zama kusa da ni a hanyar komawa. Yaya kuwa ko gaisuwata ba ya amsawa sai da kai. Zan iya tattara kayana in tafi Paris in jira sabuwar kaka, ba mai hana ni. Amma maganar Inna ta tashar mota ta riƙe ni. Ba zan bar garin ba sai da yardarsa.

Wata rana na biya gidan da rana, na san yana wurin aiki, don in gaishe da Hajiya. Tana yanka kuɓewa a kicin. Ta ce, "Ka san yadda aka yi gwiwarsa ta lalace?" Na ce na ɗauka haɗarin mota ne. Ta ce, "Wane haɗari. Gola na biyu ne a babbar ƙungiyar garinmu yana saurayi. Shekara shida ana ce masa ya jira, ranarsa na zuwa. A wurin atisaye wani ya faɗa masa a gwiwa. Bai taɓa buga babban wasa ko ɗaya ba." Ta kwashe kuɓewar ta zuba a tukunya. "Na gaya masa shekaranjiya. Na ce, kai ma an ajiye ka don wata rana, ranar ba ta zo ba. Abincin ma bai ci ba."

Ana cikin haka ɗan gaban nan na Bobigny ya gaji da jira. Ya iso Lyon ya shiga wata ƙungiya. A wasansa na farko ya ci biyu, labari ya zo har shagon shugaban. Shugaban ya daina gaisawa da Kawu a masallaci. Kowa ya ɗauka maganar ta mutu, tunda babu sauran abin da za a ba mu a madadina. Ni ma na ɗauka haka.

Abin da ban sani ba, Kawu ya ɗauki hutun kwana ɗaya ya hau jirgin safe zuwa Paris bai gaya wa kowa ba sai Hajiya. Ya je Bobigny ya nemi kocin. Daga baya kocin ya ba ni labari yana dariya: wai wani tsoho ya zo ya taka filinsu daga raga zuwa raga yana duba ciyawa, sannan ya tsare shi da tambaya ɗaya sau uku, "Zai fara wasa, ko benci za ka canja masa?" Daga nan ya wuce Barbès wurin wani tsohon abokinsa mai shagon tufafi a ƙarƙashin gadar jirgin metro, ya samo mini ɗaki a gidan ƙaninsa.

Saura kwana biyu a rufe canjin ƙungiya ya kira ni. Ya ce, "Ƙarfe biyu zan bi ta gaban wurin aikinku. Ka hau bas ɗina." Na hau na zauna a baya. Muka bi layin har ƙarshensa, fasinjoji suka sauka duka. Ya kashe injin, yana da hutun minti goma. Ya yafito ni. Ya ciro wayarsa da tabarau, ya ce in buɗe masa shafin hukumar, don shi bai iya ba. Ya karanto mini lambar sirrin daga wata 'yar takarda a cikin hularsa. Sunana ya fito, da wurin da ake danna amincewa.

Na ce, "Kawu, ai ɗan gaban ya tafi. Ba abin da za su ba ku."

"Na sani."

"'Yan biro fa?"

"Ni zan ji da su."

"In Yaya ya ji ciwo fa?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Yanzu ka fara tunanin koci? Kai dai ka yi addu'a kada ya ji." Na miƙa yatsa zan danna, ya buge hannuna. "A'a. Ni zan danna, kada gobe a ce kai ka yi." Sai da ya danna sau biyu kafin wayar ta karɓa. Ya mayar da wayar aljihu, ya tada injin, ya ce, "Koma baya ka zauna. Ba a magana da direba."

Na tafi Paris. Lahadin farko na tsaya a raga a matsayin na farko.

Saura wasa uku kaka ta ƙare, ƙungiyarmu ta Lyon tana kan gaba da maki ɗaya. Yaya ya fito ya kama wata ƙwallo ta sama, wani ya shiga ƙarƙashinsa, ya faɗo a kan hannun hagu. Wuyan hannun ya karye gida biyu. A benci babu gola. Wani ɗan baya ya saka safar. Aka ci su ranar, aka ci su mako na gaba, na ƙarshe suka yi kunnen doki. Suka ƙare na uku.

Na ji labarin karayar, na kira Yaya bai ɗauka ba. Abin da ya biyo baya kuwa ban ji ba. 'Yan biro sun sake taro a bayan shagon. Sun ce Kawu ya hana musaya lokacin da akwai riba, ya sake ni lokacin da babu, kuma bai shawarci kowa ba. Wani ya ce ya sayar da ƙungiya don ɗan ƙanwarsa. Wata huɗu kafin nan ni na zarge shi da fifita ɗansa. Suka cire shi daga koci, suka karɓi lambar sirrin. An ce bai kare kansa da kalma ɗaya ba. Ya cire usur ɗin nan daga wuyansa ya ajiye a kan buhu, ya ce musu sai anjima.

Duk wannan lokacin, kowace Lahadi da yamma yana kirana. "Nawa suka ci ka? Ta ina? Ka fito ko ka tsaya?" Bai taɓa ce mini komi ya canja ba. Sai bayan wata biyar wani ɗan wasanmu da ya zo Paris ya gaya mini a Barbès, yana mamakin ban sani ba. Na kira shi a tsaye a bakin titi. Ya ce, "Wa ya gaya maka? Gwiwata ce ta gaji." Na ce, "Kawu, kada ka yi mini haka." Sai ya ce, "Gobe da wa za ku buga?"

Bai daina zuwa filin ba. Kowace Lahadi yana can, amma a bayan shinge yake tsayawa tare da 'yan kallo, da fulas ɗin shayinsa. Ƙungiyar ba ta sake matsowa kusa da hawa ba har yau. Yaya kuwa an sa masa ƙarfe a hannu, bai sake tsaron raga ba. Shekara bakwai ni da shi ba abin da ke tsakaninmu sai saƙon barka da Sallah.

Sau ɗaya Kawu ya zo Bobigny ya kalle ni. An ci ni biyu ranar, muka ci uku. Na fito ina murna, ya ce, "Ta farko ba laifinka ba ne. Ta biyu kuwa ko Hajiya ta tare ta." Sannan ya ciro kilishi daga aljihun kwat ya ba ni. Na buga kaka biyar a can kafin na ajiye safa. A can na haɗu da matata, a can aka haifi ɗiyata.

Da ciwon ya kwantar da shi, na zo Lyon wata Asabar da azahar, na same shi a asibiti. Ya rame, hular sanyin ta yi masa yawa. Hajiya ta fita ta bar mu. Na jima ina zagaye, sannan na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya. Na ce, "Kawu, da za a mayar da kai ranar nan, za ka sake ni?"

Ya rufe ido, har na ɗauka barci ya kwashe shi. Sai ya ce, "Kuskure na yi. Ba a sakin gola na biyu a tsakiyar kaka. Duk kocin da ya yi haka a cire shi. Alhaji yana da gaskiya." Ya numfasa. "Zan sake ka."

Na kama hannunsa na ce ya yafe mini maganar da na faɗa masa a gaban mutane. Ya ce, "Wannan na yafe tun kafin jinin hancinka ya tsaya. Amma kai har yanzu ba ka gane ba. Ba ni ka zaga ba. Ni tsoho ne, an gaya mini abin da ya fi haka. Ɗan'uwanka ka zaga. A gaban abokansa ka ce bai cancanci ragarsa ba, shekara biyar kyauta ake ba shi. Ni ka ba haƙuri, shi ba ka taɓa ba shi ba."

Wallahi shekara bakwai ina ɗauka Yaya yana fushi da ni ne saboda an cire babansa. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Na fito baranda na tarar da shi yana tahowa da kular abinci. Na tare shi. Na ce, "Yaya, maganar da na faɗa ranar nan a fili, ƙarya ce. Ragarka ce, da hannunka ka same ta. Ka yafe mini."

Ya tsaya yana kallon bango. Wata ma'aikaciya ta wuce mu da keken magani. Ya ce, "Shekara bakwai." Ya sauya kular daga hannu zuwa hannu, sannan ya ce, "Lokacin juya shi ya yi, in ya daɗe a gefe ɗaya bayansa na ciwo. Zo ka kama ta kafaɗa. Hannuna na hagu ba ya ɗaukar nauyi."

Muka shiga tare. Na sa hannuwana ƙarƙashin kafaɗunsa, Yaya ya kama ƙugu, muka ɗaga shi a hankali. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi ɗansa, ya ce, "A hankali, kada ku yar da ni." Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Bayan kwana goma Hajiya ta kira ni.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya ɗauki laifin da ya san nasa ne, ya ɗauki wanda ba nasa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka ba Hajiya da 'ya'yansa da Inna ƙarfin jurewa. Wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.